Kafin ka yi wa tsoho mai jirgin wasa dariya

Makon da ya wuce na tura wani ɗan bidiyo a gurup ɗin ajinmu na WhatsApp. A cikinsa ana ganin wani birni irin na Amurka a zamanin da, mai dogayen benaye da gadojin ƙarfe da suka yi tsatsa, ga masana'antu da hayaƙi ya baƙanta musu bango, ga jiragen ƙasa suna ta kai da kawowa. Sai da kyamara ta ja baya sannan mai kallo zai gane ashe duk birnin a ɗaki ɗaya yake, kuma benen da ya fi kowanne tsawo bai fi tsayin mutum ba. Mai birnin wani dattijon Bature ne mai gashi a tsaitsaye, Rod Stewart, mawaƙin Birtaniya da ya sayar da faifai sama da miliyan 100.

Ban yi minti biyar da turawa ba aka fara. Wani ya ce kuɗi ne suka yi masa yawa ya rasa yadda zai yi da su. Wata ta ce tsufa ne ya mayar da shi yaro. Wani kuma, wanda na san tun daga isha'i har biyun dare yana TikTok, ya rubuta cewa wannan ai rashin aikin yi ne. Stikar dariya ta yi ta zuba. In faɗi gaskiya ni ma na saka tawa, don kada a ce na cika zaƙewa.

Da na kwanta sai abin ya tsaya min a rai. Mutumin nan ya shafe sama da shekara 20 yana gina abu ɗaya da hannunsa har ya kai shi inda yake so. Mu da muke dariyar, in ka ce kowa ya nuna abu guda da ya fara ya gama a bana, ban da jarrabawar da aka tilasta masa, gurup ɗin tsit zai yi. Matsayar wannan shafi a yau ita ce dariyar nan tamu ba a wurinta take ba, kuma akwai abin da take janyo mana asararsa ba mu lura ba.

Wane ne ke wasan, kuma me yake yi?

Bari mu fara da fahimtar abin, don da yawanmu in an ce jirgin wasa, na roba muke tunani, irin wanda ake saya wa yaro da sallah ya karya kafin la'asar. Wannan daban ne. Masu wannan sha'awa suna ƙera layin dogo da tasha da gari gaba ɗaya bisa ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi a duniya, mai suna HO, kashi 1 ne cikin 87. Wato komai, daga kan jirgi zuwa tagar shago zuwa mutumin da ke tsaye a bakin titi, sai an rage girmansa sau 87. Jiragen da lantarki suke tafiya, ta jikin ƙarfen layin wutar ke bi ta shiga injin. Saboda haka mai yin abin dole ya taɓa kafinta, ya taɓa fenti, ya iya lissafi, ya san haɗin waya, ya kuma karanta tarihi, don in ya ce garinsa na shekarar 1945 ne, bai isa ya saka motar 1970 a titi ba. Abokan sha'awarsa za su gano, kuma ba za su yi shiru ba.

Birnin Rod Stewart, wanda ya raɗa wa suna Grand Street and Three Rivers City, tsawonsa ƙafa 124 ne, faɗinsa ƙafa 23. Ya fara shi a farkon shekarun 1990 a ɗakin ƙololuwar gidansa na Los Angeles, yana kwaikwayon New York da Chicago na wajen 1945. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya samu lokacin. In ya fita zagayen waƙa ƙasashe, yakan kama ƙarin ɗaki a otal, a fitar da gadon, a jera masa tebura da kayan aiki. Da rana yana yanka da manna da fenti, da dare yana gaban dubban mutane da makirufo. A 2019, bayan mujallar Railway Modeller ta buga hotunan birnin, wani mai gabatar da shiri a rediyon BBC ya nuna shakkar ko shi ya gina da kansa. Stewart ya bugo waya ana tsaka da shirin, ya ce kusan kashi 90 cikin 100 aikin hannunsa ne, ɓangaren lantarki ne bai ƙware ba ya nemi taimako. Mutumin da Fadar Ingila ta ba lambar girma ta Sir a 2016, amma abin da ya sa ya ɗauki waya ya kare kansa a bainar jama'a shi ne kada a raina masa ginin kwali da roba.

Ba shi kaɗai ba ne. Frank Sinatra, wanda ya rasu a 1998, yana da gini guda a gidansa na Rancho Mirage a jihar California da ya ware wa jiragensa, an tsara wurin ya yi kama da Hoboken, garin da aka haife shi. Jools Holland, makaɗin fiyano kuma mai gabatar da shiri a talabijin ɗin Birtaniya, ya yi kimanin shekara 10 yana gina nasa. Hirar jirgi ce ma ta ƙara ƙulla abotarsa da Stewart, har suka fitar da kundin waƙoƙi tare a 2024 mai suna Swing Fever, ya hau na ɗaya a Birtaniya. Pete Waterman, furodusan da ya fito da Kylie Minogue da Rick Astley, shi da abokansa a 2021 suka fara kafa wani ƙaton layin dogo na kwaikwayo a cikin babbar majami'ar Chester, jama'a suka yi ta tururuwa kallo.

Uban da ya yi don ɗansa

A cikinsu duka, labarin Neil Young ne ya fi taɓa ni. Mawaƙi ne ɗan asalin Kanada, an haife shi a 1945. Ɗansa Ben ya zo duniya da larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani, wadda ta hana shi magana da sarrafa gaɓɓansa yadda ya kamata. Uban yana son jiragen kamfanin Lionel tun yana yaro, yana kuma son ya samu abin da za su riƙa yi tare da ɗansa. Matsalar ita ce na'urar sarrafa jirgin sai da yatsu masu ƙarfi. Sai ya haɗa wa Ben wani babban maɓalli da zai iya dannawa da kansa, ina nufin da ƙoƙon kansa, jirgi ya tashi ko ya tsaya. Ka yi tunanin yaron da komai sai an yi masa, yau ga abu yana motsi a ɗaki saboda shi ya ba da umarni.

Young bai tsaya nan ba. Ya haɗa kai da mai kamfanin Lionel na lokacin, Richard Kughn, suka kafa wani ƙaramin kamfani na binciken fasaha, suka fito da tsarin sarrafa jiragen da rimot ba waya, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. A 1995 ya zama ɗaya daga cikin masu hannun jari a Lionel. Sunansa na cikin takardun mallakar ƙirƙira da dama a Amurka a kan jirgin wasa. Abin da ya fara don yaro ɗaya ya koma abin da dubban mutane ke amfani da shi. In wannan ne rashin aikin yi, Allah ya ba mu irinsa.

Sai Walt Disney. A 1950 ya shimfiɗa layin dogo a bayan gidansa da ke Los Angeles, tsawonsa ƙafa 2,615, kusan mita 800 ke nan. Nasa jirgin kashi 1 ne cikin 8, mai aiki da gawayi da tururi, babba har mutum ya hau ya zauna a kai. Ya sa wa kan jirgin suna Lilly Belle don girmama matarsa Lillian, wadda ta ce ba ta yarda layi ya ratsa mata lambun furanni ba, dole ya haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Shugaban kamfani guda ya riƙa zuwa ɗakin ƙira na ma'aikatarsa yana koyon aikin ƙarfe a hannun ma'aikacinsa Roger Broggie. A 1953 ya rufe layin bayan wani baƙo ya kifar da jirgin tururi ya ƙona wata yarinya. Shekara biyu bayan nan, a Yulin 1955, aka buɗe Disneyland, kuma jirgin ƙasa ne ya kewaye wurin gaba ɗaya. Masu rubuta tarihinsa sun yi ittifaƙi cewa wasan bayan gidan nan na cikin abubuwan da suka haifar da tunanin.

Ga wanda ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan waya. A 1946 ɗaliban jami'ar MIT a Amurka suka kafa ƙungiyar masu jirgin kwaikwayo, Tech Model Railroad Club. Wasu daga cikinsu ba ruwansu da fentin tarago, su dai suna ƙarƙashin tebur suna haɗa wayoyi da tsofaffin kayan kamfanin tarho don sarrafa sigina da canjin layi. Da ɗalibai suka fara samun damar taɓa kwamfuta a jami'ar a ƙarshen shekarun 1950, waɗannan yaran na ƙarƙashin tebur suna cikin waɗanda suka fara kwana a gabanta. Alan Kotok da Peter Samson, 'yan ƙungiyar, suna cikin waɗanda suka taimaka aka yi Spacewar! a 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko a tarihi. Kalmar "hacker" ma, da yanzu muke fassarawa da mai kutse, a bakin 'yan ƙungiyar nan ta yi ƙarfi, kuma a wurinsu tana nufin gwanin da ke warware matsala da dabara. Wato gem ɗin da kake bugawa a wayarka kana dariyar masu jirgin wasa, kakanninsa a ɗakin jirgin wasa suka yi rarrafe.

"Ai su sun ƙoshi ne"

Na san abin da wani zai rubuta a kwament, don an riga an faɗa min a gurup. Waɗannan attajirai ne, sun ƙoshi, wutarsu ba ta ɗaukewa, ba sa tunanin kuɗin rajista ko na napep. Mu da muke fama da abin kai wa baki, wa ke ta jirgin wasa?

Maganar na da gaskiya a ciki, ba zan murɗe ta ba. Sha'awa ce mai tsada. Kan jirgi ɗaya mai kyau yakan haura fam 100, ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000. Ba kowa ke da ɗakin da zai ware wa wasa ba, wasunmu mu huɗu ne a ɗaki. Kuma ban ce duk mai jirgin kwaikwayo mutumin kirki ba ne. Hermann Göring, na hannun daman Hitler, yana da nasa layin a gidansa na Carinhall, bai hana shi zama azzalumi ba. Ko a Ingilar ma abin yana fama da nasa ciwon: a farkon 2024 shagon Hattons, wanda aka kafa a Liverpool tun 1946, ya sanar da rufewa, aka kuma dakatar da babban baje-kolin Warley da ake yi a Birmingham, saboda masu shirya shi sun tsufa kuma matasa ba sa shigowa yadda ake so. Don haka ba ina cewa kowa ya tafi ya yi odar jirgi daga Landan ba ne. Wanda ya fahimci haka bai karanta ni daidai ba.

Amma a duba hujjar da kyau. Mai cewa ba shi da lokacin sha'awa saboda talauci, ya buɗe saitin wayarsa ya duba awa nawa ya yi a kanta jiya. Na duba tawa kafin in fara rubutun nan, kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Lokacin muna da shi, har ya yi mana yawa, musamman lokacin hutu ko yajin aiki. Kuɗin ma muna kashewa, a data yake tafiya. Abin da Stewart ya zuba a birninsa wanda ya fi kuɗi tsada shi ne zama wuri ɗaya awa uku yana fentin tubali ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke kallo, ba wanda ke danna masa laik. Wannan ba a saye a shago, kuma shi ne abin da yake zame mana. Mutum ya kasa kallon bidiyon minti uku sai ya tsallake, ya kasa karanta shafi biyu na handawut bai taɓa waya ba, sannan yana mamakin yadda karatu ke ba shi wuya.

Wani abin kuma, mu ma fa mun taso da irin wannan. Wa bai ga motar kara ba? Yaro ya samu karan dawa, ya fere ɓawon, ya yanka totuwar, ya haɗa tirela da tayoyinta da madubinta. Wani da gwangwanin madara da murfin kwalba, wani da waya, ya yi mata dogon sitiyari yana tuƙawa a lungu yana kukan inji da baki. 'Yan mata da gidan laka da tukwanen wasa da 'yar tsana da aka yi wa kitso. Ba sisin kowa a ciki. Tunani ɗaya ne da na Disney: ka kalli babban abu, ka fahimci yadda aka haɗa shi, ka sake ƙera shi ƙarami. Bambancin shi ne su in yaro ya girma da abin, sai a bar shi ya zurfafa, ya samu ƙungiya da mujalla da baje-koli. Mu kuwa da ya shiga sakandare za a ce ya girma, ya daina wasan banza.

Ina da ƙani ɗan baffana da ya iya wannan abin fiye da duk wanda na sani. Ya taɓa ƙera tankar mai da gwangwani, har da ɗan famfo da ruwa ke fita. Mu ne yayyensa muka yi ta tsokanarsa da injiniyan bola har ya daina. Yanzu in ka je gidan yana kwance da waya kamar kowa. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya ƙwace masa kaya. Dariya kawai muka yi, ta kuma isa. Wannan ita ce asarar da nake magana a kai, kuma ina cikin waɗanda suka jawo ta. Kamfanonin mota na duniya har gobe sai sun sassaƙa samfurin mota da yumɓu kafin a ƙera ta gaske. Jelani Aliyu, wanda ya taso a Sakkwato yana zanen motoci, shi ya zana surar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Da an yi masa irin dariyar da muka yi wa ƙanina har ya ajiye fensir, da ba mu san sunansa ba.

Masu ginawa da masu rushewa

A watan Mayun 2019 wata ƙungiyar masu jirgin kwaikwayo ta garin Market Deeping a Ingila ta jera kayanta a zauren wata makaranta a Stamford, ana shirin baje-koli washegari. Cikin dare wasu samari huɗu, dukkansu ba su kai shekara 18 ba, suka fasa suka shiga suka tattake komai. Aikin da wasu dattawa suka yi shekaru suna yi ya zama tarkace kafin asuba. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500 a intanet. Jama'a suka tara sama da fam 100,000, Rod Stewart shi kaɗai ya ba da 10,000.

Abin da ya tsaya min a labarin shi ne lissafin lokacin: shekaru a gefe ɗaya, dare ɗaya a ɗaya gefen. Mu a soshiyal midiya kullum muna yin irin wannan ba tare da mun fasa ƙofar kowa ba. Yarinya ta saka hoton ɗinkin da ta fara koya, wani ya zo ya ce kamar buhun gawayi. Saurayi ya saka zanensa, a yi masa caa, a mayar da shi abin barkwanci na kwana biyu. Mai kwament ɗin ya manta kafin magariba, mai aikin kuwa wataƙila ya ajiye ke nan har abada. Muna kiran abin raha, amma in ka auna sakamakon, da mu da samarin Stamford tafiyar ɗaya ce.

Kuma kada a ce ina zagin soshiyal midiya ne, ni da nake karantar aikin jarida kuma a nan kuke karanta ni. Ku duba Francis Bourgeois, matashin Birtaniya da aka haifa a 2000. Tun yana yaro yake son jiragen ƙasa, amma da ya shiga sakandare ya ga ana yi masa kallon wani iri, sai ya sayar da jiragen wasansa, ya canza shiga, ya ɓoye abin don ya saje da abokai. A 2021 ya dawo wa sha'awarsa, ya ɗaura kyamara a goshi, ya riƙa zuwa bakin layin dogo yana ihun murna in jirgi ya yi masa hon. Miliyoyin mutane suka bi shi a TikTok da Instagram, a farkon 2022 har Gucci da The North Face suka saka shi a talla. Abin da ya ɓoye don kunya shi mutane suka so a wurinsa. Wayar ba ta da laifi. Shi yana da abin da yake so a wajen waya, sai ya shigo da shi ciki. Da yawanmu kuwa mun shigo hannu rabbana, sai abin da ake yayi muke bi, yau wannan rawar, gobe faɗan wasu 'yan fim da ba su san da zamanmu ba.

A nan ma akwai tarkon da nake so mu kauce wa. Da an ga labarin Bourgeois ko na Disney, sai a ce to bari in fara don in yi kuɗi. Wannan cutar ce ta hana mu jin daɗin komai: kowane abu sai an tambaya nawa yake kawowa, in bai kawo ba cikin wata biyu a watsar. Gaskiya ne wani lokacin yana kawowa. A Hamburg ta Jamus wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, yau layin dogonsa ya haura kilomita 16, kuma sama da mutum miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga kallo a shekara. Amma mafi yawan masu wannan sha'awa ba su taɓa cin ko kwabo da ita ba, su ke kashewa ma. Stewart bai gina birninsa don sayarwa ba. Ribarsa ita ce yana da inda yake shiga ya rufe ƙofa, hayaniyar suna da jaridu ta tsaya a waje. A sana'ar da ƙwaya da giya suka hallaka mutane da yawa, samun irin wannan mafaka ba ƙaramin abu ba ne. Mu ma da muke kukan damuwa da rashin barci da shaye-shaye a tsakanin matasa, ya kamata mu tambayi kanmu ina tamu mafakar take.

To, me za a yi?

Abu na farko mai sauƙi ne kuma kyauta: mu rage baki. In ka ga wani yana abin da bai saɓa wa addini ko doka ba, yana kiwon tattabaru ne, ko saƙa, ko zayyana, ko gyaran tsofaffin rediyo, ko tara tsofaffin kuɗi, in ba za ka yaba ba ka wuce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yayye da iyaye kuma, yaron da ke kwance fanka don ya ga cikinta, a ba shi wadda ta lalace ya yi ta fama, a daina ce masa maɓarnaci.

Na biyu, kowa ya nemi abu ɗaya na hannu ya ba shi awa biyu a mako, waya na ɗaki ɗaya kai kana wani. Sati na farko zai yi muni, abin da za ka yi ba zai yi kyau ba, kuma hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ɗauko waya. Ka daure. Kada ka yi fostin sai ka yi wata uku kana yi, don ka tabbatar don kanka kake yi. In kuma ka tashi sakawa, ka nuna har da wanda ya lalace, don na bayanka ya san haka ake farawa.

Na uku, ga ƙalubale ga masu hannu a cikinmu, musamman 'yan injiniyarin da zanen gine-gine da ke jami'o'i da kwalejojin fasaha. Muna da tarihin jirgin ƙasa namu na kanmu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Shi ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku, shi ya raya garuruwa irin su Kafanchan. Yawancin sa'o'inmu dalar gyaɗa a hoto kawai suka san ta, wasu jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne na farko da suka taɓa gani. Me zai hana wasu ɗalibai biyar su haɗu su ƙera tashar Kano ta shekarun 1950, da dalar gyaɗarta da taragunta da 'yan dakonta, da kwali da kara da laka da gam? Ba sai ya yi tafiya da lantarki ba a karon farko. A je a yi hira da tsofaffin ma'aikatan reluwe tun suna raye, a nemo tsofaffin hotuna, a auna, a rage. A kai shi makon ɗalibai a ajiye a tsakiyar fili. Na yi imani dattijon da ya yi dako a tashar nan in ya gani sai ya tsaya ya nuna wa jikansa inda yake tsayawa. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke kashe kuɗi a kan dina da kalankuwa za su iya ware kaɗan su sa gasa.

Ni dai na fara da gyara nawa laifin. Ranar Juma'a na je gidan baffana da gwangwanaye shida da almakashi da gam, na ajiye wa ƙanina, na ba shi haƙuri a kan sunan da muka sa masa. Ya kalle ni kamar na zauce, ya ce Yaya ai ya manta yadda ake yi. Na ce ya tuna, ni kuma zan zauna ya koya min. Jiya ya turo min hoton tayoyi huɗu da ya yanka, bai ce komai ba.

Wanda ke da abin da yake ƙerawa a ɓoye don tsoron dariya, ya turo mana hoto ta shafin nan, za mu buga da sunansa ko ba suna, yadda ya fi so. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.